Inna Mai Barin Yatsa Uku

Ɗakin ɗinkinta yana bayan wani kantin gyaran waya, sai an bi ta siririn lungu an hau matakala biyar. Keke ɗaya ne a ciki, da teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa, da labulen da yara ke shiga bayansa su gwada kaya. Kowa Inna yake ce mata. Iyaye mata kuwa, in suna kwatanta ta ga juna, sai su ce, "Je ki wurin mai yatsa uku," domin duk rigar yarinyar da ta ɗinka sai ta bar yadi mai faɗin yatsa uku a ninke ta ciki, gefe da gefe da kuma ƙasa, don a saki idan yarinya ta ƙara girma.

Shekara goma sha tara ta yi tana yanka a wata masana'antar tufafin yara. Wata rana aka kawo sabon tsari: a rage ninkin ciki ya koma faɗin farce, a kuma daina yanka lambobi biyun ƙarshe, na 'yan sha ɗaya da sha biyu, wai ba sa tafiya a kasuwa. Ta ajiye alli ta je ta sami manaja. Ta ba ni labarin nan ya fi sau biyar, kuma kullum da zafinsa.

"Na ce masa, ranka ya daɗe, yaran da suka cika sha ɗaya fa? A sito za a ajiye su sai sun kai sha shida? Ya ce su sa ƙaramar lambar manya. Na ce kai da ke da 'ya'ya mata uku, ka taɓa tsayawa ka kalli wuyan rigar manya? Ya ce in ba zan yanka yadda aka ce ba, ga ƙofa. Na ce ai tun da na shigo na gan ta."

Ta ɗauki almakashinta, don da ma nata ne, ta fita. Ita ba ta haifi mace ba, maza huɗu ne, duk sun yi nisa. Amma har yau in ta shiga kantin tufafi sai ta juya ƙasan riga ta duba ninki, ta yi tsaki yadda mai kanti zai ji.

Ni 'ya'ya biyu na haifa, duk mata, shekara biyu tsakaninsu. Babbar ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya da wata huɗu, bayan jinyar kwana tara. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Abin da ya shafi Inna shi ne, ƙanwarta, wadda muke kira Auta, tun tana goye kayan yayarta take gada. Bayan rasuwar, akwatin kayan marigayiyar ya ci gaba da ba mu kaya har shekara biyu. Sai ya ƙare.

Ni a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, awo ne sana'ata, ɗigo ɗaya ya yi yawa sai na gane. Amma ban ga hannun rigar Auta ya haura sama ba, ban ga maɓallan ƙirji suna ja ba. Na dai ga ta fara tafiya a sunkuye, littattafai rungume a ƙirji, kuma ko ana zafi sai ta zura tsohuwar rigar sanyin babanta.

Makarantarsu ta zaɓe ta ta yi jawabi a madadin ɗalibai a taron iyaye na ranar Asabar, cikin kayan gida. Mako biyu tana hadda a gaban madubi. Ranar Litinin ta ce ta fasa.

"Saboda me?"

"Ba ni da abin sawa, Mama."

Na buɗe mata durowa don in ƙaryata ta. Muka fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyarta ce.

Ranar Talata bayan na tashi aiki muka shiga kanti huɗu. A sashen yara lamba ta tsaya a goma, riguna duk kunnuwan zomo da ƙyalƙyali. Mafi girmansu ta maƙale mata a kafaɗa a bayan labule, hannuwanta a sama, fuskarta a rufe, sai da na ja da ƙarfi ta fita. Mai jiran kanti ta leƙo, ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa suka waigo.

"Kai, Anti, wannan ai ta zama budurwa! Me kuke ba ta ne? Ku hau sama wurin na manya."

Muka hau. Wuyan riga har tsakiyar ƙirji, ƙugu a ɗame, tsaga har cinya. Mai jiran sashen sama ta ce a kama wuyan da fil, ai nan da baɗi za ta cike shi. A gaban yarinyar ta faɗa, tana dariya. Yarinyar da har yanzu da 'yar tsana take kwana.

Wani ne ya zauna a ofis ya yanke cewa tsakanin goma da sha biyar babu mutum. Ya rage yadi, ya rage lamba, ya tafi gida ya ci abincinsa. Shi ba zai taɓa tsayawa a bayan labule da riga a wuya ba. Wadda ke tsaye a wurin kuma ba ta san da shi ba, ita a ganinta jikinta ne ya yi laifi. A mota Auta ta jingina kai da gilashi ta ce, "Mama, ni ce ba daidai ba, ko?" Na ce a'a. Ba ta yarda ba, ni ma na ji amsar ba ta da nauyi.

Akwai riga ɗaya da ban sa a akwatin gado ba, shuɗiya, wadda Inna ta ɗinka wa babbar wata biyu kafin ta kwanta. A ƙasan kayana na ajiye ta. Ranar Laraba na ɗauko ta, muka hau matakalar nan biyar, na ba Inna labarin yadda muka yi a kanti.

Inna ta shimfiɗa ta a tebur, ta juya cikinta. "Ɗinkina ne," ta ce. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Auta. "Allah ya jiƙanta." Ta ɗauki reza ta bi gefen tana farkewa a hankali.

Duk rigar da aka saki, akan ga layi, domin yadin ciki bai sha wanki da rana ba, ya fi na waje duhu. Wannan ba ta da layi. Sau biyu aka sa ta. Ni da Inna duk mun gani.

Inna ba ta faɗin lamba a fili in tana awo. Takan rubuta a 'yar takarda ta kifa, ta ce lamba tata ce, ba ta yarinya ba. Ta kama rigar da fil a jikin Auta, ta ce, "Ɗaga hannu. Zauna. Sunkuya kamar biro ya faɗi miki." Faɗin ya isa da ƙyar. Amma kafaɗa ta ja, hammata ta ɗame, tsawon kuma ko da aka saki ninkin duka bai kai ba.

Na ce, "Inna, ko za a ƙara mata wani yadi a ƙasa? A ɗan buɗe hammatar?"

Ta cire fil daga bakinta ta soke a tebur.

"Haba Malama, ke da iliminki! Yarinyar nan ta wuce yatsa uku. Ta wuce yayarta. Na ƙasa sun ce ta koma jaririya, na sama sun ce ta zama matar aure, ke kuma kin ce ta tsaya inda waccan ta tsaya. To ina za ta sa kanta?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe baki in ce mata ɗinki na kawo, ba wa'azi ba. Sai na ga Auta a madubi, cikin shuɗiyar rigar, ta ƙanƙame kafaɗunta don rigar ta zauna, don kada in ji ba daɗi. Na rufe bakina.

Inna ta juya gare ta. "Ke, 'yar gidan nan, wane launi kike so?"

Auta ta dube ni.

"Ba uwarki na tambaya ba."

"Kore," ta ce ƙasa-ƙasa. "Da aljihu."

"Aljihu nawa, Hajiya?"

"Biyu."

"Me za ki zuba, tsakuwa?"

"Ɗaya na takardar jawabi."

"Ɗayan fa?"

"Na hannuna, in ya fara rawa."

Inna ta yi dariya har tabarau ya zame. Ni kuwa a nan na san ban taɓa tambayar Auta launi ba. Shuɗi na yayarta ne, ita kuma shekara goma sha ɗaya tana sawa ba ta ce komai ba.

Aiki jibge yake a teburin. Inna ta ɗauki waya ta kira wata da ta kawo ɗinkin labule ta ce mata sai mako mai zuwa. Muna jin matar tana faɗa ta cikin wayar. "Yi haƙuri, 'yar uwa," in ji Inna, "tagarki ba ta da jawabi ranar Asabar."

Ranar Juma'a na je karɓa. Ƙunshi biyu ta miƙo mini. Ɗaya koriyar riga ce, wuya a rufe, kafaɗa a sake, aljihu biyu masu zurfi. Ɗayan shuɗiyar ce, ta mayar da ɗinkin a kan tsoffin ramukan allura, ninkin ya koma ciki yadda yake, ta goge ta.

Ranar Asabar Auta ta hau dandamali ba rigar sanyi. Da ta fara magana, hannun hagu yana cikin aljihu. Na duba agogo, halina ne. Minti ɗaya da rabi hannun ya yi a ciki, sannan ta fito da shi ta nuna bayan zauren da shi, inda malamai ke zaune, ta ci gaba da magana.

Da na zo wanke koriyar rigar na juya ƙasanta na ɗora yatsuna a kan ninkin. Huɗu ne. Da na tambayi Inna, ko ɗagowa daga keke ba ta yi ba.

"Wannan doguwa za ta yi," ta ce. "Ki dawo da ita bayan wata shida, kuma kada ki jira sai ta fara sunkuyawa."