Warin Man Birki

Jiya a wani gareji a Yendi, bakanike ya buɗe kwalbar man birki. Warin ya buge ni. Sai na tuna Baba, dattijon da ya koya mini aikin motar asibiti.

Duk dabarar da ka kawo masa, tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya gwada? A kan mutum nawa?" Labarin mutum guda da ya warke ba ya ɗaɗa shi da ƙasa, sai abin da likitoci suka tace daga bincike masu yawa.

Wata rana motar doya ta kife a hanyar Bimbilla. Muka tarar da direban kwance, jini na tsartuwa daga cinyarsa, ƙudaje sun fara taruwa. Wani direba ya riga ya cire murfin kwalba zai tsiyaya masa man birki a raunin.

Ya ce, "Baba, haka muke yi, yana tsayar da jini!"

Baba ya riƙe hannunsa. "Waɗanda kuka zuba wa suka mutu fa, wa ya ji ta bakinsu?" Ya danne raunin da bandeji, ya ɗaure cinyar tamau daga sama. Mutumin ya isa asibiti da ransa.

Yanzu Baba yana ƙasa, kwalbar kuwa tana nan ƙarƙashin kujerun direbobi, ni kuma kullum ina kan wannan hanya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a tsince ni a bakin titi, Allah ya sa mai tambaya ya riga mai kwalba isowa.