Malama Ruth Sati, Wadda Ta Nema wa Tungan Kawu Ruwa

Kafin ma'aikatan sakatariya su gama gaisuwar safe, Malama Ruth Sati ta riga ta hau bayan babur ta nufi ƙauye. Jami'ar raya karkara ce a ƙaramar hukuma, wato ita ake aikawa ta jiyo bukatun jama'a kafin a tsara kasafin shekara. Wasu jami'an a zauren mai gari suke tsayawa. Ita kuwa sai ta zarce bakin rijiya wurin mata, daga nan ta bi ruga-ruga. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da idanu suka gani.

Mutanen Tungan Kawu ba su manta shekarar da rafinsu ya ƙafe da wuri ba. Shanu suka riƙa gangarawa fadamar masu noman rani neman ruwa, har wata rana aka zare adduna. A shekarar, aiki ɗaya hukuma za ta iya yi musu, wasu manya kuma suka so a gina shaguna bakin titi, tunda shago na kawo haya, ana kuma hango shi daga mota.

Baba Jacob, manomin albasa a fadamar, da ya halarci zaman da aka yi a sakatariya kan aikin, shi ya ba ni labari. Ya ce Malama ta miƙe ta dubi shugaban ƙaramar hukuma ta ce, "Ranka ya daɗe, shago ko ba mu gina ba, ɗan kasuwa zai gina, don ya san ribarsa. To dam fa, wa zai haƙa? Kowa zai sha, ba wanda zai ɗauki nauyinsa shi kaɗai. Don irin wannan aka yi gwamnati."

Wani kansila ya ce, "Ke da ko akuya ba ki da ita, ina ruwanki?"

Ta ce, "Gaskiya ne. Amma in an yi kisa, da ni ake zuwa ta'aziyya."

Ba a yanke komai ranar ba. Ta koma ƙauyen ta yi ta safa da marwa tsakanin fadama da ruga, har Baba Jacob ya ba da gefen gonarsa don a haƙa dam, Ardo Ɗayyabu, shugaban makiyayan, ya yi alkawarin shanu ba za su ƙetare mashayarsu ba. Tare suka zo sakatariya a mota ɗaya. Aka haƙa dam. Tukuicinta shi ne canjin wurin aiki zuwa wani lungu mai nisa, ba ta kuwa kai ƙara ba.

Malama, ke ce kunnen wanda muryarsa ba ta kai ofis. Ke kika tsaya wa abin da ba shi da mai shi don na kowa ne. Allon da aka kafa bakin ruwan nan ba sunanki a ciki, amma tun daga lokacin ba a sake zare adda a fadamar ba.

Mun gode, 'yar Rijau. Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, ku fita ku ji ta bakin mutane kafin ku yanke musu. Ke kuwa Malama, Mairama, matar Ardo, ta ce in gaya miki, ƙwaryar nononki tana nan duk ranar kasuwa, ba gwamnati suke ba wa ba, ke suke ba wa.