Watan da Baba bai gani ba

Shekarun baya, a farkon shekarun saba'in, ina aji huɗu a sakandare a nan Kaduna, na shiga ƙungiyar masu kallon taurari. Malaminmu na kimiyya, wani Ba'indiye, yana da ƙaramin madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Aikinmu shi ne mu lura da lokacin da wata ke rufe wani tauraro, shi kuma ya aika wa masana a ƙasar waje. Wai mu ma masu bincike ne! Kaina ya kumbura, har tafiyata sai da ta canza.

Mahaifina tela ne a Babbar Kasuwa, amma a Unguwar Sarki ba da ɗinki aka fi saninsa ba. Shi ne mai ganin wata. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, bayan magariba, maza kan taru a filin bayan masallaci, kowa ya ɗaga kai yana lalube, shi kuwa sai ya miƙa yatsa ya ce, "Ga shi can." Da shaidarsa liman ke kai labari gaba.

A shekarar ce yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba. Mu dai a gida muna ganin yana laluben takalminsa a bakin ƙofa, mahaifiyata kuma ta ce kada wanda ya kuskura ya yi maganar.

Ni mai dabara, sai na roƙi malaminmu aron madubin. Na ce a raina, abin da ke nuna ramukan da ke jikin wata ai ba zai gaza wa idon Baba ba.

Ranar duban wata na kafa shi a filin, yara na ihun an kawo igwa, dattawa na harara. Na yi ta juya shi har Allah ya sa na kama jinjirin watan, siriri kamar yankan farce.

"Baba, zo ka gani!"

Ya taho a hankali, ya dafa madubin da hannu, ya sa ido. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, "Masha Allah. Lalle wannan abin naku ya yi, ɗan nan."

Daɗi kamar ya kashe ni. Na mayar da idona don in sake kallo. Babu wata. Dafawar da ya yi ta karkatar da madubin, ganyen mangwaro kawai yake kallo. Duk daɗewar nan ba abin da ya gani, yabon don kada in ji kunya ne a gaban mutane.

Kafin in buɗe baki liman ya matso. "Malam, ka gan shi? Mu ɗauki shaidarka?"

Da Baba ya ce eh, wallahi ba mai musa masa, ni ma da na yi shiru, tunda watan ya tsaya. Amma shaida ba wasa ba ce a wurinsa.

"A'a, Liman. Ni ban gan shi ba. Idon ya tafi. Ku tambayi yaron nan."

Ba a jima ba wasu suka gano shi da idonsu, aka yi ta kabbara.

A hanyar gida ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Mun kusa ƙofa ya ce ƙasa-ƙasa, "Ƙahonsa ina ya kalla?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai. Bai ƙara zuwa filin nan ba har ya koma ga Allah.

Na daɗe ina tambayar kaina ko taimakonsa na yi ko tona masa asiri. Har yau abin yana yi mini ciwo. Yanzu ni ma sai da tabarau nake gani, amma duk shekara ina fita duban wata. Idan na gan shi, kafin in gaya wa kowa, sai na ce a hankali, "Baba, ya tsaya. Ƙahonsa sama ya kalla."