Furannin Aep a Cikin Taga

Da na dawo Tasikmalaya daga karatu, na ɗauka cewa saurin kwamfuta ko nawarta magana ce ta masu gasa a mujallu. Ban yarda akwai wanda abincinsa ya rataya a kan ɗan jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da amsawar allo ba, har na fara zama a shagon maƙwabciyarmu Ceu Imas, a unguwar Kawalu.

Imas ta girma cikin ƙarar keken surfani. Mijinta Aep shi ne mai zane: shekara da shekaru yana tsara furanni a wata tsohuwar manhaja, kwamfuta ta aika wa keke, keke ya ɗinka su a gefen farin mayafin sallah na mata. Dillalai daga Bandung kan gane furensa tun daga nesa, don ganyensa na lanƙwashewa kamar iska ta taɓa shi. Da ya rasu, ya bar mata zanukan, da wani furen melati da bai kai rabi ba.

A daminar da ta biyo baya, danshi ya cinye tsohuwar kwamfutar. Sabuwar da ta saya ta ƙi karɓar manhajar Aep, zanukan kuma ba sa buɗuwa a ko'ina sai a cikinta. Mang Encep, mai gyara a bakin kasuwa, shi ya samo dabara. Ya kwaso duk abin da ke cikin tsohuwar, ya zaunar da ita a wata taga cikin sabuwar, tana aiki kamar ba ta mutu ba. Ya kuma ajiye hoton yanayinta na ranar, ko da wani abu zai faru.

"To ga mijinki nan na sama masa haya, Ceu," in ji shi. "Sai dai ɗakin ƙarami ne."

"Da ransa ma bai saba da babba ba," ta ce, ta tura masa farantin bala-bala.

Ta tagar aiki ya ci gaba, amma da ɗingishi. Sabuwar kwamfutar ce ke riƙe da komai, sai abin da ta raga take ba tsohuwar. In ana tsakar aika zane tsohuwar ta tsaya jiran rabonta, allura ta cije wuri guda, zare ya dunƙule. Kulli a farin yadi ba ya ɓoyuwa, kuma babu macen da za ta tsaya gaban Ubangijinta da tabo a gefen fuska. Imas ta koyi rufe komai kafin ta fara, ta zauna da tafin hannu a jikin keke tana sauraren numfashinsa. A wannan zaman ne, kaɗan-kaɗan cikin watanni, ta ƙarasa melatin Aep da hannunta.

Azumi ya zo, dillali ya nemi kaya masu yawa kafin Sallah, da sabon furen. Ya faɗa mata ƙarara cewa in ta makara zai koma wajen masu sababbin kekuna. Imas ta tuna Encep ya taɓa nuna mata wurin da ake raba ƙwaƙwalwa tsakanin kwamfutocin biyu, rabi da rabi. A ganinta wannan rabon babu adalci: wanda ke aikin shi ya kamata ya ci da yawa, kamar yadda take cika wa Aep faranti a watan aiki. Ta ja ma'aunin har ƙarshe, ta ba tagar kusan duka.

Sabuwar ta shaƙe, ta sandare, ta tafi da tsohuwar a daidai lokacin da take ajiya. Da aka kunna, tagar ta ƙi buɗuwa.

Encep ya zo da yamma, ya daɗe yana dubawa.

"Ceu, kin yunwatar da mai ɗauke da shi. In mai goyo ya faɗi, ina ɗan goyo?"

"Wa'azi a masallaci, Mang. Zai dawo ko ba zai dawo ba?"

Ya dawo, amma daga hoton ranar farko. Duk zanukan Aep na nan. Melatin kuwa ya koma yadda ya bar shi, ko rabi bai kai ba. Dillalin bai jira ba.

Yanzu mata 'yan unguwa kawai take yi wa aiki, da tsofaffin furanni, ma'aunin na tsakiya. Idonta ya fara hazo, ba ta sake taɓa melatin ba. Wani lokaci takan buɗe shi ta kalla har shayinta ya huce.

Na tambaye ta har yaushe tagar za ta riƙe.

"Encep ya ce in wannan kwamfutar ma ta mutu, sai a sa ta cikin wata," ta ce, hannunta na kan keke. "Na ce masa, to ni fa, cikin wa za a sa ni?"