Ɓarin Goron Baba

Babana ya rasu a damina, shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Ina koyarwa a Maiyama lokacin, a ɗakin haya, aurena ya mutu, ba ɗa ba jika. Yayyena maza sun watse biɗar abinci. Sai aka bar Inna ita kaɗai a gidanmu na Kashin Zama, gida mai faɗi da ba mai motsi a cikinsa sai kaji.

Tun ina ƙarama na san al'adarsu. Baba zai dawo masallacin asuba, Inna ta ciro goro ɗaya daga jiƙaƙƙen tsumma, ta ɓare da farce, ta miƙa masa babban ɓarin, ta riƙe ƙaramin. Ba su cika magana ba. Ƙarar tauna kawai ake ji, sannan ya saɓa fartanya ya nufi fadamar albasa. Ni kuwa ban taɓa son goro ba, ɗacinsa har kunnena nake jinsa.

Bayan ta fita takaba na je hutu, na tarar ta rame. Muna tsinken zogale da hantsi sai ta saki tire, ta dafe ƙirji, gumi ya keto mata. Na ɗora tafin hannuna a wurin. Innalillahi! Zuciyar tana bugawa da sauri, ta yi tsit, ta sake zabura kamar kazar da aka riƙe wa ƙafafu. Na tsorata ƙwarai, don ita kaɗai ta rage mini.

"Tun yaushe, Inna?"

"Ba komi ba ne, ɗiyata. Shina zuwa, shina wucewa."

Ba komi ba ne! Ranar kasuwar Jega na sa ta a gaba muka shiga motar albasa zuwa asibiti, hawaye na zuba, rabi na warin kaya rabi na tsoro. Malamin asibitin ya auna ta, ya tambayi cimarta. Ya ce a rage gishiri, a bar shayi mai kauri. Da ya ga jan haƙoranta sai ya yi tambayar goro. Ta ce ɗaya da safe, wani lokaci ta ƙara da la'asar.

Na ce, "Rabi dai, malam. Inna ba ta taɓa cin goro guda ba."

Ta sunkuyar da kai. "Yanzu guda nika ci."

A mota ta gaya mini sauran. Kullum sai ta ɓare, hannunta ya miƙa, ba mai karɓa. Idan ta ajiye ɓarin, kafin azahar ya yi ja ya ƙanƙance, ita kuma ba ta iya kallonsa haka. Sai ta cinye nata, ta cinye nasa. Da la'asar, lokacin da ya saba dawowa daga fadama, shirun ya yi mata yawa, ta sake ɓare wani.

Ni mai baki ce, kowa ya shaida. Na yi ta faɗa har direba yana waiwaye. Na ce haba Inna, Baba ya tafi ke ma za ki bi shi a kan goro? Wa za ki bar mini? Malamin asibitin ya riga ya ce a bar goron gaba ɗaya, na san ba za ta iya ba, sai muka tsaya a kan rabi da safe. Na sa ta yi mini alkawari ba za ta sake cin rabon Baba ba.

Na koma Maiyama. Babu waya a lokacin, sai saƙon baki wurin 'yan kasuwar Aliero, shi ma kullum amsa ɗaya ce, tana lafiya tana gaishe ki. In na taso daga makaranta in dafa abinci tukunya ɗaya, in zauna in ci ina kallon bango. A nan na fara gane abin da Inna ke nufi da shiru.

Da hutu ya sake zagayowa na tarar da ita ta ɗan murmure, ta ce bugun ya yi sauƙi sosai. Na yi hamdala, har na tsokane ta na ce ashe tsohuwa tana jin magana. Washegari ina share ɗakin Baba na ɗaga faifan da ke kan kwanon cin tuwonsa. Cike yake da ɓarin goro. Na ƙasa sun bushe sun yi baƙi kamar tsakuwa, na sama da sauran ja, ɗaya kuma ɗanye sharaf, na safiyar nan. Duk manyan ɓari ne.

Na fito da kwanon a hannu. Tana zaune gindin turmi tana kallona.

"Kin ce in bar ci, na bari," in ji ta. "Ɓarewar ce ban iya bari ba."

Na zauna kusa da ita a tabarma. Na ɗauki ɗanyen na sa a baki, ɗacin ya hau mini har kunne. Ta juyo tana saurare, ina tauna.