Takardar Shaidar Nomau Igirijas

Duk wanda ya zauna Ajame, wata unguwa a Abijan, a shekarun yaƙin Turawa na biyu ya san Nomau mai goro, sai dai ba kowa ya san shi da wannan suna ba. Igirijas ake ce masa. Har Julawa, fataken ƙasar masu zuwa sarin goro, haka suke kiransa, shi kuwa ya amsa yana gyara zaman hula.

Mutumin Dogondutsi ne, dogo, mai babbar murya. Yana saurayi ya bi 'yan ci-rani zuwa Gwalkwas, ya sami aikin lebura a wata mangaza, wato ɗakin ajiyar buhunan koko, da ke Sakondi, bakin teku. Ga ƙarfi ga kaifin baki, kuma ya tsinci Turancin bakin jirgi da wuri. Cikin shekara biyu Baturen mangazar, wani Ba'ingile, ya mai da shi heluma, lebura talatin a ƙarƙashinsa.

A daminar 1932 abin ya faru. Wata Asabar da la'asar Baturen ya ce a rufe buhunan da ke waje da tamfol. Nomau ya ce to, amma hankalinsa yana wurin kokawar da za a yi a zango, ya tafi bai gaya wa kowa ba. Ruwa ya kwana biyu yana zuba. Ran Litinin koko ya jiƙe sharkaf, warinsa har bakin titi. Da Baturen ya tambaya, Nomau bai ko haɗiye yawu ba ya ce ai Kailu ya sa, Kailu ne ya manta.

Kailu ɗan garinsu ne, tare suka taho a ƙafa. Mai in'ina ne, in ransa ya ɓaci magana ba ta fita. Ya tsaya yana buɗe baki yana rufewa, aka kore shi nan take. Bayan wata biyu aka sallami Nomau shi ma, aka ce kasuwar koko ce ta faɗi. Ya roƙi takardar shaidar aiki. Baturen ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna ya buga ta, ya sa hannu, ya danna hatimi.

Akawun mangazar ne ya karanta masa. "Ya ce cikin duk helumomin da ya taɓa ɗauka, kai ne ka fi kowa zama egregious."

"Mene ne shi kuma?"

Akawun ya ciji leɓe. "Asalinsa dai, wanda ya fita daban daga cikin garke."

Nomau ya ji sanyi har cikin ƙashi. Ashe Bature bai gano komai ba, ashe ma yabonsa yake yi. Ya sa baduku ya ɗinka wa takardar jaka ta fata, ya rataye ta a wuya, ya hau jirgin ruwa zuwa Abijan, inda aka ce ana gine-gine ana neman ma'aikata.

Takardar ta yi masa aiki. A unguwar Tireshbil wani Bafaranshe mai mangazar katako ya juya ta gaba da baya, bai iya Ingilishi ba, ya ga hatimi, ya ba shi shugabancin masu lodi. Shekara biyar yana can, sannan ya koma Ajame ya kafa rumfar goro kusa da inda motocin arewa suke lodi. Da ya je neman auren Tsahara, ƙanwar Malam Harisu mai makarantar allo, sai da ya zaro takardar a gaban dattawa. Malam Harisu ya ce shi ba ya karatun boko, zaman mutum da jama'a yake dubawa. Sauran kuwa suka yi ta miƙa wa juna ita suna gyaɗa kai.

Zamansa da jama'a kuwa ba shi da laifi. Baƙon da ya sauka daga Nijar ba ya kwana da yunwa in Nomau ya ji labari. In an yi rasuwa, shi ke fara ɗaukar shebur. Abu ɗaya ne, ba a zama da shi rabin sa'a bai kawo zancen takardar ba. Ƙarshe ma ya sa wani mai fenti ya kwafi kalmar a kan allo da shuɗin fenti, ya kafa a saman rumfa. Daga kalmar nan ce sunan Igirijas ya bi shi. Da Faransa ta ɓata da Ingila a 1940, aka rufe iyakar Gwalkwas, duk abin da ke da warin Ingilishi ya zama abin tuhuma, sai ya cire allon ya tura ƙarƙashin gado. Shekara biyu da rabi yana jin kamar an tuɓe masa riga. Ranar da aka ce an shirya, kafin ya buɗe huhun goro ya mai da allon.

A farkon 1943 wani Ba'ingile ya sauka Tireshbil yana sayen danƙo da ƙwarar manja saboda yaƙi, yana neman heluma mai jin Turancinsu. Dattawan Hausawan Ajame ba su yi dogon shawara ba. Huɗu daga cikinsu, har da Malam Harisu, suka raka Nomau, suka ƙetare gadar nan mai shawagi bisa ruwa, shi yana gaba cikin farar riga mai aiki.

Baturen ya karɓi takardar yana tsaye a bakin mangaza. Ya karanta, ya dubi Nomau, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya har yana share ido. Ya miƙa wa tafintansa, wani dattijo Bafante mutumin Gwalkwas, Mista Kwansa, wanda ya daɗe yana aikin gidan waya a Kumasi har Hausa ta zauna a bakinsa. Shi bai yi dariya ba. Ya ninke takardar a hankali ya ce, "Ya ce an gode, za a neme ku." Da dattawa suka juya, ya riƙe hannun rigar Nomau. "Kai tsaya, ina son ganinka."

Ɗakinsa yana bayan mangazar. Ya sauko da wani ƙamus mai kauri kamar bulo, ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa.

"Wa ya fassara maka wannan kalma?"

"Akawunmu na Sakondi. Ya ce wanda ya fita daban daga garke."

"Bai yi ƙarya ba, rabi ya ba ka. Daga harshen Rumawan dā aka aro ta, can kuwa ma'anarta ke nan. Shekara ɗari huɗu da suka wuce, in Ba'ingile ya kira sarkin yaƙi ko babban malami da ita, yabo ne na ƙarshe. To, sai mutane suka fara faɗinta da gatse. Su liƙa wa wawa, su liƙa wa maƙaryaci, wai shi ma ya fita daban a wautarsa. Yau da gobe gatsen ya cinye yabon. Yanzu in ka ji ta a bakin Bature, kamar ku ce ƙasurgumi ne. Ƙasurgumin ɓarawo, ƙasurgumin maƙaryaci."

Nomau ya ji gumi yana bin bayansa cikin rigar nan mai aiki. Ya tuna kallon da Baturen Sakondi ya yi masa kafin ya zauna buga takardar. Ashe Baturen ya sani ke nan. Wata biyu yana sane, yana amsa gaisuwarsa kullum safe.

"Me ka yi masa?" in ji Mista Kwansa.

Nomau ya dubi ƙasa.

Dattijon ya ji tausayinsa. Ya juyo masa da ƙamus ɗin, ya nuna wasu ƙananan haruffa. "Tsohuwar ma'anar tana nan, ba a goge ba. An dai rubuta cewa an daina amfani da ita. In mutanenka suka tambaya, ka ce yabo ne irin na dā. Littafi zai goya maka baya. Ni ba zan gaya wa kowa ba."

Haka kuwa Nomau ya yi. A bakin gada ya tarar da dattawan suna jiransa, ya ce musu Bature murna ce ta sa shi dariya, wai rabon da ya ga wannan tsohuwar kalma ta girma tun yana makaranta. Suka ce madalla.

Kwana takwas ya yi a haka. Ba a neme su ba, aka ji an ba wani Bakuru, ɗan wata ƙabila ta bakin teku, aikin. Wannan bai dame shi ba kamar sunan. Mai wucewa ya ɗaga murya daga tsallaken titi, "Igirijas, ina gajiya!" sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, dole kuma ya amsa. Ya daina ɗaga kai in ya zo rumfa, don kada ido ya faɗa kan allon. Yakan tuna shekara nawa akawunan Fante da Saro, masu jin Ingilishi, suna wucewa ta nan, suna karantawa, suna sayen goro suna murmushi, shi yana zaton fara'a ce.

Tsahara ta ajiye masa tuwo rana ta uku tana ɗaukewa kamar yadda ta kawo. "Maigida, in ciwo ne a nemi magani. In kuwa magana ce, gidan Yaya ba nisa."

Ranar Alhamis da hantsi, babu karatu, ya sami Malam Harisu shi kaɗai a zaure yana feƙe alƙalami. Ya durƙusa, ya ciro jakar daga wuya ya ajiye a kan buzu. Ya fara da ƙamus, ya koma kan dariyar Bature, ya daɗe yana kewaye kafin ya kai ga tamfol da Kailu.

Malam ya ajiye wuƙar. "Kunyar wa kake ji, ta Baturen ko ta Kailu?"

"Allah ya gafarta Malam, da fari ta Baturen ce. Da ta masu wucewa."

"Yanzu fa?"

"Yanzu in na rufe ido, bakin Kailu nake gani yana motsi."

"To, Baturen ya rubuta tasa. Kai ba ka rubuta taka ba." Malam ya jawo tawada da takarda. "Faɗi, in rubuta. Kada ka gyara komai."

Bayan sallar Juma'a Nomau da kansa ya tsayar da dattawan nan da suka raka shi, ya faɗa musu gaskiya. Ɗaya ya yi tsaki ya tafi, bai sake sayen goro a wurinsa ba har ya mutu. Labari ya zaga Ajame kafin magariba. An yi masa dariya ta wajen wata guda, har a bakin famfo. Allon kuwa Tsahara ta kife shi ta mai da shi murfin randa.

Wasiƙar da Malam ya rubuta wa Kailu ta tafi Dogondutsi a hannun Kalla, wani direba mai kai goro arewa. Sai bayan wata bakwai ya dawo da amsa, ta baki.

"Yana nan da rai, noma yake yi. Limamin garin ya karanta masa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce shekara goma yayansa yana yi masa gori cewa sakarcinsa ya sa aka koro shi daga Gwalkwas hannu wofi. In da gaske kake, ka zo ka faɗa a gaban yayan."

Hanya ta yi wuya saboda yaƙi, ba mai, ba taya. Sai a ranin 1946 Nomau ya tafi, ya bar wa Tsahara rumfa. Ya tarar yayan ya rasu da wata huɗu. Ya faɗa dai, a ƙofar masallaci, gaban 'ya'yan mamacin da duk wanda ya tsaya. Kailu ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya shiga gida. Can aka fito wa Nomau da ƙwaryar fura, aka ce daga Kailu.

Kwana goma sha biyu ya yi a garin, suna haɗuwa a sahu suna gaisawa, ba su taɓa zama su biyu ba. Sannan ya koma Ajame ya ci gaba da sayar da goro. Waɗanda suka san shi daga baya sun ce mutum ne mai ƙarancin magana, abin da tsofaffin abokansa ba su taɓa yarda da shi ba sai da suka zauna da shi suka gani.