Muryar Kakana Da Aka Saki A Bobigny

A lokacin ni ɗaliba ce a Lyon ta ƙasar Faransa, sabuwar zuwa, mai yarda da duk wanda ya gaishe ni da Hausa. Kakana ne ya rene ni a wani ƙauye na yankin Maradi. Shi ne mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makaranta, kuma kusan duk wanda ya iya karatu a garin ta hannunsa ya bi. Zamanin da ake dukan yaro in ya yi Hausa a aji, shi yakan tura ƙofa ya yi wa yara bayani da harshensu. Kafin koyarwa ya yi soja, Faransa ta kai shi yaƙin Aljeriya yana saurayi. Mutanen gari suna alfahari da hakan, shi kuwa ba ya son zancen.

Ana gab da tafiyata na roƙe shi ya ba ni tarihinsa, na ɗauka a waya. A nan ya faɗa mini abin da ko kakata ba ta sani ba. Wata rana an umarce su su ƙone wani ƙauye a kan dutse, kuma da hannunsa ya cinna wa makarantar allon garin wuta, yaran suna tsaye suna kallonsa. Ya ce tun ranar ya yi alkawari in ya koma gida da rai, koyarwa zai yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ya yi kuka, ya roƙe ni kada kowa ya ji muddin yana numfashi.

A Paris akwai wani ɗan yankinmu mai bincike kan tsofaffin sojoji. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, in na je Paris matarsa takan dafa mini tuwo a gidansu na unguwar Belleville, Yaya nake ce masa. Da ya ji ina da muryar Kaka sai ya dage, ya rantse shi kaɗai zai saurara don ya fahimci zamanin. Na tura masa.

Bayan wasu watanni ya gayyace ni taro a Bobigny, kusa da Paris. Ina zaune cikin jama'a sai na ji kukan kakana ya cika zauren, ga hotonsa da sunan garinmu a bango. Yayan nan nawa ya yanke zancen alkawarin da na koyarwar, ya bar na wutar kawai. Aka yi ta tafa masa. Da na tare shi a ƙofa, ya ce tarihi ba na mutum ɗaya ba ne, wata rana zan gode masa.

Kafin mako ya zagayo maganar ta isa wayoyin ƙauyenmu. Na kira Kaka. Ya tambaye ni sanyi, ya tambaye ni karatu, sannan ya ce, "Ni na zaci da jikata nake magana." Ya daina fita zaure, ya rasu da damina ban samu zuwa ba.

'Yan'uwana da ke ƙasar waje, kewar gida tana sa mu ɗauki mai jin harshenmu kamar ɗan ɗakinmu. Idan tsoho ya ba ku sirrinsa, ku riƙe shi inda ya ajiye. Wancan mutumin yanzu Dakta ake ce masa. Ni kuwa muryar tana nan a wayata, har yau ban iya sake saurare ba.